Hoton taurari a bakin ruwa: tambayoyi da amsoshi ga masu kyamara a Sakkwato

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu ɗaukar hoto a Sakkwato da kewaye, musamman waɗanda suka ga hotunan tafkunan kan duwatsu, taurari a sama taurari a ruwa, suna son yin irinsu. An fara da masu sauƙi, sannan masu zurfi.

1. Ba mu da tafki a kan dutse a Sakkwato. Anya za a samu irin wannan hoto a nan?

Za a samu. Abin da dutse ke yi wa tafki guda uku ne: yana tare iska ruwa ya kwanta, yana ɗaga mutum sama da wani ɓangare na ƙura, yana kuma ba hoton baƙar siffa da za ta raba sama da ruwa. Na farko ana samunsa a nan ta zaɓen sa'ar da iska ke kwantawa, na biyu ta zaɓen watan da ya dace, na uku kuwa giginya ko kuka ko kwale-kwalen masunta ko wani tudu a ƙetaren ruwa duk suna yi.

Akwai ma abin da muka fi mutanen Turai. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka tsakiyar farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama, wanda Larabawa ke kira Majarra, tana hawa har digiri 48 a kudu. A Ingila da ƙyar take ɗagowa daga ƙasa. Wanda kuma zai yi tafiya zuwa tafkin dutse na gaske, ya duba tambaya ta 16.

2. Wane dare ne ya fi dacewa a cikin wata?

Ka bi kwanan watan Musulunci, ba na Bature ba. Daga daren 26 zuwa daren 3 ga sabon wata, kusan duk daren duhu ne. Wata yana jinkirin faɗuwa da kimanin minti 50 kowace rana: a daren 7 yana faɗuwa wajen tsakar dare, a daren 14 da 15 yana kwana a sama, bayan 22 kuma ba ya fitowa sai tsakar dare ta wuce. Ke nan a makon farko sai ka yi aiki bayan wata ya faɗi, a makon ƙarshe kuma kafin ya fito. Farin wata na tsakiya yana shafe zirin taurari gaba ɗaya, babu saitin da zai dawo da shi.

3. Ƙarfe nawa duhu ke cika?

Masana falaki suna cewa duhu ya cika idan rana ta yi ƙasa da digiri 18. Wannan kusan shi ne lissafin da ake fitar da lokacin Isha'i da na alfijir. Saboda haka ba ka buƙatar wata manhaja: daga kiran Isha'i zuwa ketowar alfijir shi ne lokacinka, kuma a nan yana farawa kimanin sa'a ɗaya da kwata bayan faɗuwar rana. Amma ka isa wurin tun da La'asar sakaliya, ka ga inda za ka kafa kyamara da idonka.

4. Wane lokaci na shekara ya fi?

Daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. Damina ta wanke sama, hazo bai sauko ba, tafkuna da madatsun ruwa sun cika maƙil, kuma a lokacin Isha'i tsakiyar zirin ta karkata kudu maso yamma. A wajen 21 ga Oktoba tana kimanin digiri 28 da shigar duhu, tana faɗuwa kusan ƙarfe 10 na dare. Wannan karkatar ita ake so domin ruwa ya nuna ta, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 11.

Dama ta biyu ita ce Afrilu da Mayu. A ƙarshen Afrilu tsakiyar zirin tana fitowa kudu maso gabas wajen ƙarfe 11 na dare, a ƙarshen Mayu wajen ƙarfe 9. A watannin nan kuma ana ganin taurari huɗun nan masu siffar gicciye can ƙasa a kudu, tsakanin digiri 14 da 20. Matsalar bazara ita ce ruwa ya janye, sauran ƙura na sama, ga zafin da ke cutar da sensa, wato ɓangaren kyamara da ke karɓar haske. A Yuni zuwa Agusta zirin yana sama sosai, sai dai hadari. Daren da ya biyo bayan ruwan yamma, idan gari ya washe, babu kamarsa a shekara, amma ba a iya sa masa rana.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tsakiyar zirin tana tare da rana ko kusa da ita, ga hazo. Duk da haka Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya, da manyan taurarin hunturu suna sama a lokacin, kuma a daren 13 da 14 ga Disamba ana samun yawan taurari masu wutsiyar wuta da ke zubowa. Alamar gwaji mai sauƙi: idan da yamma kana iya kallon rana ido da ido tun kafin ta kai ƙasa, ta zama kamar farin faifai, ka bar kyamara a jaka.

5. Wane wuri zan je, kuma wace fuska zan kalla?

Ƙa'idar ita ce hasken birni ya kasance a bayanka. Tafkin Kware yana arewa da birnin Sakkwato, don haka wanda ya tsaya can ya kalli kudu neman zirin taurari, hasken birnin ne zai tare shi, ya mai da gindin sama ruwan goro. Kware wurin kallon arewa ne, ya dace da hoton zoben taurari na tambaya ta 15. Mai neman zirin ya yi kudu da birni, wajen Bodinga, Yabo da madatsar Shagari, inda birnin da fitilun masana'antar siminti ta Kalambaina za su koma bayansa. Madatsar Goronyo da ke kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984, tana da faɗin ruwa da nisa daga birni, sai dai faɗin nata yana tara igiyar ruwa, kuma maganar zuwa can ta rataya a kan tambaya ta 6.

Kada a raina ƙaramin ruwa. Tafkin fadama ko kududdufin da damina ta bari, mai faɗin taku ashirin, ya fi babbar madatsa kwanciya, kuma a hoto babu mai gane girmansa idan kyamara na ƙasa-ƙasa.

6. Yaya maganar tsaro da izini?

Wannan ita ce tambayar da ta fi sauran nauyi. Kowa ya san halin da gabashin jihar ya shiga a shekarun nan, wajen Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo da Wurno, kuma yanayin yana sauyawa daga mako zuwa mako. Babu hoton da ya kai ran mutum. Ka tambayi mutanen wurin a ranar da za ka tafi, ba labarin watan jiya ba. Idan suka ce a'a, magana ta ƙare.

Inda ake da kwanciyar hankali ma, baƙo mai tocila da ƙarfe mai ƙafa uku a bakin ruwa da tsakar dare abin zargi ne. Ka gai da mai gari ko mai unguwa da rana, ka bayyana abin da ya kawo ka, a sanar da 'yan banga, ka nemi sarkin ruwa ko wani masunci ya zauna da ku, ka kuma sallame shi yadda ya kamata. Ku tafi aƙalla ku uku, ku kwana a garin maimakon bin hanya da dare. Manyan madatsu suna ƙarƙashin hukuma, irin su Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, sai da izini, kuma kada a ɗauki ƙofofin ruwa ko shingen jami'an tsaro. Sai takalmi sawu-ciki mai kauri saboda kububuwa da kunama, riga mai dogon hannu da maganin sauro. Kada a shiga ruwa don kafa kyamara: tsargiya a irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukarta.

7. Waɗanne kaya ne dole?

Kyamarar da ke da saitin M, wato wanda kai ne ke saita komai da hannu, kuma take ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta gyara ba, gilashin gaban kyamara mai faɗin gani tsakanin milimita 14 da 24, da mazauni mai ƙafa uku wanda ba ya rawa. Gilashin da ƙofar haskensa ke buɗewa zuwa f/2.8 ko f/1.8 ya fi, domin ƙaramar lambar f tana nufin ƙofa mai faɗi, amma 18-55 ɗin da ke zuwa da kyamara ma yana aiki a 18 da f/3.5. Idan kuɗi kaɗan ne, a sa su a mazauni kafin a sa a sabuwar kyamara. A ƙara da batir biyu, memori mai sarari, salatif, ƙyallen goge gilashi, da tocila da aka rufe bakinta da jar leda. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske na daƙiƙa ɗaya kuma yana mai da shi baya. A cire duk wani gilashin kariya ko na rage ƙyalli da ke gaban kyamara. Mai rage ƙyallin yana cin haske, yana kuma iya kashe hoton taurarin da ke cikin ruwa, wanda shi aka zo nema.

8. Waya za ta iya?

Za ta iya, muddin ba a hannu take ba. Wayoyin Pixel suna shiga yanayin taurari da kansu idan an kafa su cikin duhu, su yi kimanin minti 4 suna tara haske. iPhone yana kai daƙiƙa 30 a yanayin dare idan yana kan mazauni. A Samsung, Tecno da Infinix a nemi Pro a cikin kyamara, a sa ISO, wato ƙarfin karɓar haske, a 1600 zuwa 3200, daƙiƙa 15 zuwa 20, a ja fokas zuwa ƙarshen nesa. A yi amfani da babbar kyamarar wayar, ba mai faɗin ba, domin ita ce mai babban sensa. Waya za ta kawo zirin da manyan taurari, amma a cikin ruwa ƙalilan za ta nuna.

9. Wane saiti zan fara da shi?

M, RAW, ƙofar haske a buɗe iyakarta, ISO 3200, launin haske wajen 4000K, a kashe mai hana rawa na gilashi, a sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada taɓa maɓalli ya girgiza kyamara. Tsawon buɗewa kuwa lissafi ne, domin sama tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, idan aka daɗe taurari su zama 'yan layuka.

Tsohon lissafi shi ne a raba 500 da tsawon gilashi. A kyamara mai cikakken sensa, wato babba, milimita 20 ya ba da daƙiƙa 25. A mai ƙaramin sensa sai a fara ninka tsawon da 1.5 a Nikon da Sony, ko 1.6 a Canon: 18 ya zama 27, ya ba da daƙiƙa 18. Sai dai kyamarorin yanzu suna da ƙananan ɗigo da yawa, suna tona jan layin da tsofaffi ke ɓoyewa, don haka raba 300 ya fi aminci: daƙiƙa 15 a misalin farko, 11 a na biyu. Taurarin da ke gabas da yamma da tsakar ka sun fi na arewa saurin ja. Bayan hoton farko a faɗaɗa shi a duba kusurwoyi. Idan taurarin gefe sun yi fukafukai kamar tsuntsaye, laifin gilashi ne, a rufe ƙofar kaɗan, daga f/1.8 zuwa f/2.2 ko f/2.8. Kuma kada allon kyamara ya ruɗe ka, cikin duhu komai yana yi masa haske. A rage hasken allon, a duba jadawalin haske, wato zanen mai kama da tudu da ke nuna yawan hasken hoto: tudun ya rabu da bangon hagu, ya zauna wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

10. Taurarina suna fitowa kamar ƙwallon auduga. Me ya jawo?

Fokas ne. Na atomatik ba ya gani cikin duhu, alamar ƙarshen nesa da ke jikin gilashi kuma sau da yawa ba daidai take ba. A mai da gilashi MF, wato fokas na hannu, a nufi tauraro mafi haske, ko Zara idan tana sama, ko wata fitila mai nisan fiye da kilomita, a faɗaɗa a allo sau 10, a murza zoben fokas a hankali har ɗigon ya kai iyakar ƙanƙanta. Alamar an dace ita ce ƙananan taurarin da ba a gani da farko su ɓullo kewaye da shi. Sai a manne zoben da salatif, a kuma sake dubawa duk bayan sa'a. Idan fokas daidai ne amma hoton ya yi dishi-dishi daga baya, duba tambaya ta 14.

11. Sama ta fito da kyau, amma ruwa baƙi ƙirin. Ina taurarin ruwan?

Ruwa ba madubi ba ne. Yawan hasken da yake mayarwa ya danganta da yadda hasken ya faɗo masa. Tauraron da ke tsakar ka, kashi 2 cikin 100 kawai na haskensa ruwa ke mayarwa. Wanda ke digiri 30 daga ƙasa, kimanin kashi 6. Wanda ke digiri 10, kusan kashi 35. Shi ya sa zirin da ya hau digiri 48 yake cika sama amma ya ɓace a ruwa, shi ya sa kuma aka ce a neme shi yana fitowa ko yana faɗuwa. Ana auna digiri da hannu: dunƙulen hannu a miƙe kimanin digiri 10 ne. Tsakanin dunƙule ɗaya da uku ake samun daidaito, domin ƙasa da haka ƙura da tururin gindin sama suna cinye hasken.

Na biyu shi ne motsin ruwa. Igiyar da ido ba ya gani ma tana watsa tauraro cikin daƙiƙa 15 ya narke. A nemi gefen da iska ke fitowa, inda gaɓa ko ciyawa ta kare ruwan, ba gefen da take turo igiya ba. Iska takan fi kwantawa a sulusin dare na ƙarshe. A sauke kyamara zuwa kamu biyu ko uku daga ruwa, a bar jifa da wanke hannu a kusa, a kuma yi haƙuri da kifi da kwaɗi: cikin hoto goma, biyu ko uku ne ruwan zai tsaya cik.

Na uku, ko komai ya yi daidai ruwan zai fi sama duhu. Sai a ɗauki wani hoto na musamman dominsa ba tare da an motsa kyamara ba, ISO 6400, a haɗa su wajen gyara. A bar ruwan ya fi sama duhu kaɗan. Idan ya yi haske ɗaya da ita, duk mai ido zai ce juya saman aka yi aka manna.

12. Yaya zan sa bishiya ko tudu su fito?

Hanya mafi kyau ita ce jinjirin wata na daren 4 zuwa 6, yana bayanka ko a gefe: yana haska gaɓa a hankali ba tare da ya kashe taurari ba. Idan babu wata, a ɗauki hoto na dabam na minti 2 zuwa 4 a ISO 1600 don ƙasa kawai. Haska bishiya da tocila yana yiwuwa, daga gefe, na daƙiƙa ɗaya ko biyu, amma yana tara ƙwari a gaban gilashi kuma yana jan hankalin mutane daga nesa. Game da kaifi, idan fokas na kan taurari a f/2.8, gilashin milimita 14 yana riƙe duk abin da ya wuce mita 2 da rabi, na 24 kuma sai abin da ya wuce mita 7. Abin da ya fi haka kusa yana buƙatar nasa hoton da nasa fokas.

13. Hoton ya cika da yashi-yashi. Yaya ake rage shi?

Ƙarancin haske ne ke kawo shi, zafi kuma ya ƙara. Maganinsa tarawa: a ɗauki hoto 16 a jere da saiti ɗaya, manhaja ta daidaita taurarin ta haɗa su. Hoto 4 suna rage yashin da rabi, 16 suna mai da shi kashi ɗaya cikin huɗu. Sequator kyauta ce a Windows, a Mac akwai Starry Landscape Stacker. A ƙarshe a rufe gilashi da murfinsa a ɗauki baƙaƙen hotuna 10 da saitin nan, manhajar za ta yi amfani da su ta cire jajaye da shuɗɗan ɗigon da sensa mai zafi ke haifarwa, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a daren Afrilu.

Ga inda mutane ke faɗawa: taurarin ruwa ba sa tafiya tare da na sama. Idan na sama suna hawa, na ruwa sauka suke yi. Manhajar da ta daidaita sama za ta shafe na ruwa ko ta ja su layi. Don haka a tara sama ita kaɗai, ruwa kuma a zaɓi hoto ɗaya mafi kwanciya, kamar yadda aka ce a tambaya ta 11.

14. Raɓa da ƙura fa?

A ƙarshen damina gilashin da ke kallon sama yana yin sanyi fiye da iskar bakin ruwa, raɓa ta kwanta masa, yawanci bayan tsakar dare. Gogewa ba ta wuce minti biyar. A sa masa hularsa, a naɗa masa ɗan zanen ɗumama mai jona da fawa bank tun kafin raɓar ta fara. Kyamarar da ta fito daga mota mai sanyin na'ura a bar ta cikin jaka rabin sa'a. Da rani kuwa kada a sauya gilashi a fili, kuma a hure ƙura da abin hurawa kafin a goge, in ba haka ba yashin zai karce shi.

15. Yaya ake hoton da taurari ke zagaye kamar zobe?

A kalli arewa. Tauraron arewa yana digiri 13 daga ƙasa a Sakkwato, dunƙulen hannu ɗaya da 'yan yatsu, kuma wannan ƙasa-ƙasan alheri ne: tsakiyar zoben da hotonta a ruwa suna shiga firam ɗaya. A sa daƙiƙa 30, f/4, ISO 800, a ɗauka a jere da tazarar da ba ta wuce daƙiƙa 1 ba, a kashe rage yashi na dogon buɗewa don kada ya bar giɓi. Hoto 120 sa'a ɗaya ke nan, baka mai digiri 15. Sa'a biyu ta fi kyau. Manhajar StarStaX tana haɗa su kyauta. Wannan salon yana jure ɗan wata da ɗan motsin ruwa fiye da hoton zirin.

16. Idan na samu zuwa tafkin dutse na gaske, me zai sauya?

Tudun Jos yana kimanin mita 1,200 sama da teku, Mambila a Taraba ta fi haka. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000, don haka mutumin Sakkwato ya tafi da rigar sanyi ta gaske, ya ajiye batir a aljihun ciki domin sanyi na saurin shanye shi. Da dare iska mai sanyi tana gangarowa daga duwatsu ta taru a kan tafki, hazon ruwa ya tashi kafin asuba, raɓa kuma ta fi ta nan yawa, sai a fara da hoton ruwa tun farkon dare. Dutse yana kuma rufe gindin sama: wanda ya tare digiri 20 zai jinkirta fitowar zirin da fiye da sa'a ɗaya da rabi, ya kuma ci wurin da ruwa ya fi mayar da haske. A duba tsayinsa da dunƙulen hannu tun da rana, a gwada da manhajar da ke nuna inda taurari za su kasance, irin su Stellarium ko PhotoPills, a zaɓi gaɓar da ke kallon wani giɓi tsakanin duwatsu. Yawancin tafkunan kewayen Jos tsofaffin ramukan haƙar kuza ne, masu zurfi da gaɓa a tsaye mai zaftarewa, don haka a kafa mazauni taku biyu ko uku daga baki, a wurin da ɗan gari ya nuna.